Hawa na Huɗu

Ran wata Talata da safe ƙofar falon ta ƙi buɗuwa. Maman 'yan biyu ta ja mariƙin, ta sake ja, ƙyauren ya kafe kamar an danne shi daga waje. Sai da ta tokare ƙafa da bango ta fizgo da hannu biyu sannan ya saki da wata irin ƙara. Ɓarɓashin siminti ya zubo daga sama, ya watsu a kan farin yadin da ta shimfiɗa a tebur za ta yanka.

"Baban 'yan biyu, fito ka ga ƙofar nan taka. Kwana uku ke nan tana min gardama, yau kuma ta ɓata min kayan mutane."

Mijin ya fito daga uwar ɗaka da kofin shayi a hannu. Magini ne, shekara ashirin da biyu da cokalin gini yake ci da iyalinsa, har 'yan gidan suna tsokanarsa da Injiniya. Ko kallon yadin bai yi ba. Ya ɗaga kai ya dubi saman ƙofar, inda wata siririyar tsaga ta taso daga kusurwa ta nufi rufi a karkace. Ya ajiye kofin a kan keken ɗinkinta, abin da ya san ta hana kowa.

"Ba ni zare. Mai kauri."

Ta miƙa masa. Ya ɗaura mukullin ɗaki a bakin zaren, ya taka kujera, ya danne ɗaya bakin a saman ginshiƙin da ke kusurwar falon, ya saki mukullin ya yi ta lilo har ya tsaya cak. A sama zaren yana manne da siminti. A ƙasa kuwa, tsakanin mukullin da ginshiƙin, yatsunsa biyu suka shige ba su gogi komai ba.

Daga can saman gidan ana jin takun leburori da ƙarar shebur, injin kwaɓa kankare yana ruri a bakin titi.

"Mene ne?" ta ce.

"Ba komai. Danshi ne ya kumbura katakon."

"Danshi? A watan da ko ɗigon ruwa ba a yi ba?"

Ya kwance mukullin, ya naɗe mata zarenta tsaf, ya ɗauki jakar aikinsa ya fita. Shayin yana nan a kan keke, ko rabi bai sha ba. Shekararsu goma sha shida tare, ta san mutumin da ke barin shayi a kofi ba danshi ne a ransa ba.

* * *

Gidan a tsakiyar gari yake, tsakanin wani banki da kantin sayar da wayoyi. Da can unguwar ta tsofaffin gidajen haya ce da 'yan shagunan gyaran rediyo. Tun da aka faɗaɗa babban titi, aka kafa fitilu, aka dasa furanni a tsakiya, sai ƙasar wurin ta zama zinariya. Ba wanda yake da filin ƙarawa ta gefe, don haka duk mai gida ya ɗaga kai ya dubi sama.

Mai gidan nasu, wanda kowa ke kira Mai Bene, ya sayi ginin yana hawa biyu, ƙasa da sama. Shekara shida da suka wuce ya ɗora na uku. Yanzu ga na huɗu ana zubawa, an ce ofisoshi za a yi. Iyali goma sha tara ne a ƙarƙashinsa.

Maman 'yan biyu ba ta taɓa zama inda ya yi mata daɗi kamar nan ba. Ciki da falo ne a ƙasa, falon shi ne shagonta. Ma'aikatan banki mata suna leƙowa da yadi lokacin hutun rana, nas-nas na babban asibiti ita ke musu fararen kaya. Tagwayen nata mata da ƙafa suke zuwa makaranta. Famfo yana tsakar gida, kasuwa tana bayan titi. In allura ta karye, kafin tukunya ta tafasa ta sayo wata.

Da yamma, yara suna waje suna tsallen igiya, ta rufe keke ta zauna gabansa.

"Faɗa min abin da zaren ya ce maka."

Ya daɗe yana murza tafin hannunsa da ya yi kanta.

"Hawa na ukun nan, da hannuna aka yi shi."

"Wannan ai kowa ya sani."

"Ba ki san abin da ke ciki ba. Inda ake buƙatar rodi mai kaurin babban yatsa, mai kaurin fensir muka sa. Inda ake zuba buhu biyu, ɗaya muka zuba, muka cike da yashi. Harsashin gidan kuwa na hawa biyu ne, na tona na gani da idona. Na faɗa masa a lokacin. Ya ce da ni, kai magini ne ko mai gida? Da aka gama ya ce ga ɗaki a ƙasa, mu shigo, ba zai matsa mana ba." Ya yi wani guntun murmushi. "Kowa ya ci ladan kuturu, kin san sauran."

"To yanzu fa?"

"Ya neme ni aikin na huɗun, na ce ina da wani aikin a hannu. Iyakar abin da na iya ke nan."

"Ka ƙi ɗora bulo da hannunka, amma ka yarda 'ya'yanka su kwanta a ƙarƙashinsa."

"In na yi magana, mu ne a titi."

"In ba ka yi ba, mu ne a ina?"

Ya dubi ginshiƙin. Ita ma ta dube shi. Jikinsa ne ta kafa ƙusar da take rataye tef ɗin awo da almakashi.

* * *

'Yan hayar suna da ƙungiya, sai dai aikinta bai wuce rabon sharar tsakar gida da gyaran famfo ba. Shugabanta wani tsoho ne da ke hawa na biyu, wanda ya yi shekara talatin yana koyarwa kafin ya yi ritaya. Hedimasta ake ce masa, shi kuma har yanzu in zai yi magana sai ya jira kowa ya yi shiru. Shi Maman 'yan biyu ta samu, shi ya kira taro ran Asabar da la'asar.

Aka fito da kujeru da tabarmi. Da aka buɗe baki sai ga shi kowa yana da nasa labarin da ya ɓoye. Wani gilashin tagarsa ya tsage ba wanda ya taɓa shi. Wata in ta wanke ɗaki, ruwan kusurwa ɗaya yake gangarawa. Mai Kitso, wata bazawara mai barkwanci da ke hawa na uku, ta ce ita tsagar ɗakinta har ta fara ganin maƙwabcinta yana aske gemu.

"Da ma an ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga," ta ce. "Ni nawa ƙadangaren ma da wando yake."

Aka kwashe da dariya, har maƙwabcin. Hedimasta ya jira ta lafa.

"Jama'a, akwai hukumar tsara birni. Don irin wannan aka kafa ta, da harajinmu. Za mu rubuta mata takarda."

Nan dariya ta ƙare. Wani mai sayar da takalma ya gyara zama.

"Baba Hedimasta, mu yi wa juna adalci. Yau in aka ce mu tashi, wa zai samu ɗaki a cikin garin nan? Ni shagona ga shi can ƙetaren titi. Ginin nan ya yi shekaru yana tsaye. Rai ai a hannun Allah yake."

"Rai a hannun Allah yake," in ji Hedimasta, "amma ba ka kwana a kan titin mota."

"Kuma wa ya ce zai faɗi? Mu nan wa ya san gini?"

Duk idanu suka juya wuri ɗaya. Magini yana tsaye jikin famfo, hannu a aljihu. Matarsa ba ta dube shi ba, ƙasa take kallo, amma ya san ita ce ta fi kowa jira.

"Ba zai ɗauki hawa huɗu ba," ya ce. "Ukun ma da ƙyar yake riƙe da su. Ban san ranar ba. Amma in damina ta sauka ƙasa ta jiƙa, ni ba zan so a same ni a ciki ba."

Hedimasta ya ɗauko takarda da biro, ya sa gilashinsa. Magini yana faɗa yana rubutawa: kaurin rodi, yawan siminti, zurfin harsashi. Da suka zo inda ya ce shi ne ya ja ragamar aikin hawa na uku, tsohon ya ɗaga biron.

"Injiniya, ka tabbata a sa wannan?"

"In ban faɗi yadda aka yi na sani ba, Baba, wa zai yarda da ni?"

Aka sa. Cikin iyali goma sha tara, bakwai suka sa hannu. Mai Kitso ta juya biron a hannunta, ta ce bari ta yi shawara da yayanta tukuna, ta miƙa wa na kusa da ita.

* * *

Hedimasta da Maman 'yan biyu ne suka kai takardar. Ofishin hukumar yana da dogon benci a baranda da wani masinja mai amsa ɗaya. Zuwan farko, oga yana taro. Na biyu, oga ya fita duba aiki. Na uku, mai riƙe da hatimi ta je suna. Tsohon yana zuwa da jarida da 'yar kwalbar maganinsa, ita kuma da rigar da take wa ƙwarya-ƙwaryar ɗinkin hannu, su zauna har rana ta take. A zuwa na huɗu aka karɓi takardar, aka buga mata hatimi, aka jefa ta cikin wani koren fayil.

"Kin gani ko?" in ji Hedimasta suna saukowa. "Hukuma tana da nawa, amma tana tafiya."

Bayan mako uku wani matashin jami'i ya zo da farar hular kwano. Bai yi wasa da aikinsa ba. Ya bi ɗaki ɗaki, ya zura bironsa a tsagar Mai Kitso har ya kusa ɓacewa, ya ƙwanƙwasa ginshiƙin falon Maman 'yan biyu da guduma, siminti ya rugurguzo kamar busasshen burodi. Ta ga ya matsa daga ƙarƙashin rufin ya koma bakin ƙofa kafin ya ci gaba da rubutu. Da zai tafi ya ɗauko jan fenti ya rubuta a gaban gidan da manyan baƙaƙe cewa a dakatar da aiki.

Kwana biyar injin kankare bai yi motsi ba. Waɗanda ba su sa hannu ba ma suka fara gaida Magini da fara'a.

A rana ta shida wani babba daga hukumar ya iso, a mota ɗaya da Mai Bene. Bai hau ko matakala ɗaya ba. Aka fito masa da kujera a inuwar kantin wayoyi, aka buɗe masa lemo mai sanyi, ya ɗaga kai ya dubi ginin kamar mai duban hadari, ya ce irin wannan tsaga ta yaɓe ce, kowane gini yana yi. Washegari masu yaɓe suka cika gidan, suka toshe duk wata tsaga. Masu fenti suka biyo baya da ruwan ɗorawa mai haske, suka bi ta kan jan rubutun sau biyu. Gidan ya fito fes kamar amarya. Matashin jami'in kuwa, Hedimasta ya ji a wurin masinja cewa an mayar da shi sashen share kasuwa.

* * *

Mai Bene da kansa ya zo falon, da hantsi, yana ƙamshin turare. Bai zauna ba. Ya zaro takarda daga aljihu ya shimfiɗa a kan teburin yanka. Kwafin wasiƙarsu ce, da hatimin hukuma a kai.

"Injiniya, wannan hannunka ne?"

"Nawa ne, ranka ya daɗe."

"Madalla. Ni ban zo faɗa ba. Shekara shida ban taɓa ɗaga maka murya ba, haka ne? To tunda gidana zai faɗi, ba zan so ya faɗo wa iyalinka ba. Ƙarshen wata ina son ɗakina."

"Ranka ya daɗe, ba ni kaɗai ne a ciki ba. Akwai yara a sama. Ko ba ka sauke na ukun ba, ka tsayar da na huɗun."

"Ka ji shi ko?" Mai Bene ya juya wajen Maman 'yan biyu yana murmushi. "Uwargida, ki riƙa ba shi shawara. Mutum ya san matsayinsa."

"Shawarata ce ya bi," ta ce.

Ya dube ta, ya ninke takardarsa, ya fita.

Su kaɗai aka kora. Sauran shidan da suka sa hannu an kira su ɗaya bayan ɗaya, kowa ya fito yana cewa bai karanta abin da ke ciki ba, ban da Hedimasta, wanda aka ƙyale saboda rabin manyan garin sun bi ta ajinsa. A bakin famfo mata suka rage hira in ta zo ɗiban ruwa. Ta ji mai sayar da takalma yana cewa tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka.

Ranar tashi, Hedimasta ya sauko ya riƙe mata kan keken ɗinki har aka ɗora shi a mota.

"Baba, kai ma ka fita daga gidan nan, don Allah."

"In je ina, 'yata? Asibitina ga shi nan, abokaina ga su nan. Tsohon itace ba a dasa shi." Ya dafa kan tagwayen. "Na rubuta wata takardar, wannan karon har majalisar gari. Ba a gajiya da hukuma."

Kafin mako ya zagayo wani mai gyaran waya ya shiga ɗakinsu da amaryarsa.

Su kuma suka samu ɗaki a wata sabuwar unguwa can bayan gari, inda gidaje suka riga titi da famfo zuwa. Mota biyu ake shiga kafin a kai tsakiyar gari. Nas-nas suka yi alkawarin za su riƙa zuwa, biyu suka zo sau ɗaya. Tagwaye suna fita tun rana ba ta gama fitowa ba, su dawo da yamma a gajiye, takalma duk laka. Sau da yawa Maman 'yan biyu takan zauna gaban keke ba abin ɗinkawa, ta tambayi kanta ko gaggawa ta yi. Wata ɗaya, biyu, huɗu, ginin yana nan tsaye da fentinsa, an sa wa hawa na huɗu gilasai masu ɗaukar ido.

* * *

A wata na biyar, bayan an kwana uku ana ruwa, ran Alhamis wajen ƙarfe sha ɗaya na safe, tana shagon zare a bayan kasuwa tana zaɓar launi. Ta ji wani sauti mai nauyi, ba mai ƙara sosai ba, kamar an juye tifar duwatsu. Kwalaben maɓallai suka yi rawa a kan kanta. Mai shagon ya ce ko taya ce ta fashe. Ita ta ajiye zaren ta fita, ba ta tambayi kowa hanya ba.

Bankin yana nan, ko gilashi ɗaya bai fashe ba. Kantin wayoyi yana nan. A tsakaninsu sarari ne da sama a buɗe, da tulin kankare da bai fi tsayin mutum biyu ba, rodi sun fito ta ko'ina a lanƙwashe. Wani labule mai furanni yana rataye a jikin ɗaya. Mutane suna tono da hannu, da bokiti, da murfin tukunya. Ta kira mijinta, kalma uku ta iya faɗa masa.

Ya iso a bayan babur da kayan aiki a jikinsa. Bai tsaya kuka ko salati ba. Ya hau tulin ya tsaya, ya dubi banki, ya dubi kantin, ya auna da ido.

"Ku bar nan, nan tsakar gida ce, ba kowa. Matakala tana nan. Duk wanda ya ji motsi nan zai gudo. Ku zo nan!"

Ya san inda kowane ɗaki yake da wanda ke cikinsa. Ya hana a ja wani ƙarfe da zai sa sauran su zube, ya sa aka tokare da katako, ya sa kowa ya yi shiru a saurara. Katafilar hukuma ba ta iso ba sai bayan awa huɗu, kafin nan sun fito da mutum tara da rai. Ta ƙarshensu Mai Kitso ce, ƙafarta ɗaya a niƙe. Da aka ɗora ta a kan ƙyauren da aka mayar makara ta kama rigarsa.

"Injiniya, yayan nawa ma ban tambaye shi ba. Tsoro ne kawai."

"Yi shiru, ki ajiye ƙarfinki."

Allah ya sa yara suna makaranta, maza suna wurin nema. Mutum shida aka rasa. Akwai amaryar mai gyaran waya, akwai wata tsohuwa da jikanta na goye. Hedimasta a kan matakala aka same shi, tsakanin hawa na biyu da na uku. Ba sauka yake yi ba, sama ya nufa, wajen tsohuwar.

* * *

Manya suka zo da jiniya, suka tsaya gaban tulin aka ɗauki hoto, aka ce za a kafa kwamiti, kuma ba wanda za a bari komai girmansa. Mai Bene, an ce, ya fita waje ganin likita tun ranar da abin ya faru.

Kwana uku bayan haka 'yan sanda biyu suka yi sallama a sabon ɗakinsu. Hannun Magini duk bandeji ne. Suka ce ana son ya zo ya taimaka da bayani.

A caji ofis aka buɗe koren fayil ɗin gidan. Babu takardar izinin gini a ciki, babu rahoton matashin jami'i, babu sunan babban da ya sha lemo. Wasiƙar 'yan haya ce kaɗai, an ja layi da jan biro a ƙarƙashin jimla ɗaya.

"Kai ka ce kai ka gina hawa na uku?" in ji wani ɗan sanda.

"Ni na faɗa. Don a hana na huɗu na faɗa."

"Ka san rodin bai kai ba ka sa?"

"Na sani."

"To ka ga ka hutar da mu."

Wata huɗu ya yi a tsare. Maman 'yan biyu ta koyi hanyar gidan yari da ta kotu, ta koyi wane benci ake jira a kai. Ta bi waɗanda suka tsira ɗaya bayan ɗaya tana roƙon su zo su faɗi wanda ya tono su. Wasu sun koma ƙauye, wasu suka ce an yi musu alkawarin tallafi, kada su ɓata. Mai Kitso ce kaɗai ta zo, a kan sanduna biyu, ta zauna tun safe, aka ɗage zaman ba a kira ta ba. Daga baya wata lauya mai taimakon marasa ƙarfi ta samo masa beli. Kwamiti ya miƙa rahotonsa, ba wanda ya ga abin da ke ciki.

Da ya fito, aiki ya ƙi samuwa. Duk inda ya je sai ɗan kwangila ya kawar da kai. Masu tsoron Allah suna cewa shi ne wanda gininsa ya kashe mutane. Sauran suna cewa shi ne mai rubuta takarda. Ya zauna a gida yana ɗebo ruwa, yana raka yara bakin titi, yana riƙe mata yadi in za ta yanka. Ba ta taɓa ce masa da na sani ba, shi ma bai ce mata ba.

Shekara ta zagayo. Suna dawowa daga kotu, an ɗage shari'ar karo na bakwai, bas ɗinsu ta maƙale a cunkoson babban titi daidai gaban bankin. An kwashe tulin tas, an kewaye filin da sabon kwano. A sama an kafa wani ƙaton allo mai hoton dogon gini na gilashi, da itatuwa a gabansa, da wata mata tana tura keken jariri. Sunan kamfanin sabo ne. Lambar wayar da ke ƙasan allon kuwa Maman 'yan biyu ta haddace ta tun da daɗewa, ta Mai Bene ce, ita suke kira in famfo ya lalace.

A bakin ƙofar kwanon maza sun yi layi, wasu da shebur, wasu da cokalin gini a naɗe cikin buhu. Wani mai hular kwano yana rubuta suna.

Ta ga leɓen mijinta yana motsi, idonsa a kan allon.

"Hawa bakwai," ya ce.

Motocin gaba suka fara matsawa.

"Direba, akwai sauka," in ji mijin.

Ta kama hannun rigarsa. "Baban 'yan biyu."

"Shekara guda ke nan ke kike ciyar da ni." Bai dube ta ba. "In ba ni ba, wani za su ɗauka. Ni ko ba komai na san kaurin rodi."

"Da ma can ka sani."

Fasinjan baya ya ce in za a sauka a sauka, mutane suna sauri. Ta saki rigar.

Ta tagar bas ta ga ya tsallaka titi, ya ninke takardar kotu ya tura a aljihun gaba, ya je ƙarshen layin ya tsaya a bayan wani mai shebur. Mutum goma sha ɗaya ne a gabansa. Bas ta ja, aka matso aka cike gurbinsa.